Yadda Ake Bibiyar Namijin Barewa da Kyamarar Daji Kafin Buɗe Farauta a Amurka

Duk wanda ya taɓa bin mafarauta daji a gida ya san aikinsu yana farawa tun kafin ranar fita. Sukan duba sawu a bakin mashaya, su murza kashi su ga ko ɗanye ne, su lura da inda ciyawa ta kwanta. A nan Amurka ma aikin bai canja ba, sai dai an ƙara masa mataimaki ɗaya: wata 'yar kyamara da ake ɗaurewa a jikin bishiya, ta kwana a daji dare da rana, duk abin da ya gifta ta gabanta ta ɗauke shi hoto, ta rubuta rana da lokaci a ƙasan hoton. Dabarar ta daɗe. Tun a shekarun 1890 wani mai suna George Shiras yake ɗana wa barewa igiya a dazukan Michigan, dabba ta taɓa igiyar, kyamara ta haska ta, har mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906.

Barewar da nake magana a kai ita ce mai farar wutsiya, wadda ta cika dazukan gabashi da tsakiyar Amurka. Saman wutsiyarta ruwan ƙasa ne, ƙasanta fari tas, idan ta tsorata sai ta ɗaga ta sama ta ruga, ka hango farin yana kaɗawa cikin itatuwa. Ta fi barewarmu ta gida girma nesa ba kusa ba, ƙosasshen namiji a jihar Ohio, inda nake farauta, yakan kai kilo 90, wasu su haura 100. Namijin ne kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuma mai rassa ne. A Ohio namiji ɗaya tak doka ta ba mutum ya harba a shekara, shi ya sa muke ɓata watanni muna neman sanin wanne ne, ina yake kwana, ta ina yake bi.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: kyamara tana da tambaya ɗaya da za ta amsa maka, wato a ina wannan namijin yake takawa da hasken rana, kuma iska daga ina take busowa a lokacin. Kuma dole ka samu amsar ba tare da shi ya san ana bibiyarsa ba.

Mataki na 1: Doka da izini

Kowace jiha da tata dokar, kuma tana canjawa, don haka ka karanta littafin dokokin farauta na wannan shekarar. Arizona ta haramta amfani da irin wannan kyamara don farauta tun 1 ga Janairu 2022. Kansas ta hana sa ta a filayen gwamnati da hukumar namun daji ke kula da su daga 2023. Batun zuba masara ko gishiri a gaban kyamara ma haka yake. A Ohio an yarda a gonar mutum, an hana a filin gwamnati, an kuma hana a yankunan da ake sa ido kan cutar ƙwaƙwalwar nan mai ramar da barewa, wadda a jihar aka fara gano ta a barewar daji a gundumar Wyandot a ƙarshen 2020. Illinois ta hana ciyar da barewa gaba ɗaya. A Pennsylvania sai ka kwashe duk abin da ka zuba kwana 30 kafin ka yi farauta a wurin.

Idan gonar wani ce, Ohio ta wajabta izini a rubuce. Ka nemi izinin kyamara daban, ka gaya wa mai gonar inda ka ɗaura kowace ɗaya. Ba wanda zai so ya tarar da ido yana kallonsa a gonarsa bai sani ba, balle kai baƙo ne a garin.

Mataki na 2: San shekarar dabbar

Wanda bai san wannan ba, hotuna za su yaudare shi. Namiji yana zubar da ƙahonsa duk shekara a ƙarshen hunturu, tsakanin Janairu da Maris, sabo ya fara tsirowa da bazara. Duk tsawon lokacin zafi ƙahon yana lulluɓe da wata fata mai laushi kamar karan-miski, jini na gudana a cikinta. A wannan lokaci mazan suna zaman lafiya, su haɗu uku, huɗu, biyar suna kiwo tare, ba su da wata damuwa sai ci. Kusan kullum sukan fito gona ɗaya, ta hanya ɗaya, bayan la'asar.

Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, rana ta fara gajarta, jikinsu ya juya. Fatar ƙahon ta bushe, su goge ta a jikin ƙananan itatuwa, ƙahon ya fito da tauri. Abokan jiya su fara hararar juna, garken ya watse. A daidai lokacin ganyen waken soya ya yi rawaya, ba sa sonsa kuma, 'ya'yan oak, wata babbar bishiyar daji da barewa ke son 'ya'yanta, sun fara zuba a cikin daji. Wasu mazan sukan bar wurin gaba ɗaya su koma mil ɗaya ko biyu. Barbara tana kankama a farkon Nuwamba zuwa tsakiyarta, lokacin da namiji kan manta da tsoro ya yi ta yawo yana bin mata.

A Ohio farautar kwari da baka tana buɗewa ranar Asabar ta ƙarshen Satumba. Ka ga ke nan buɗewar ta faɗo daidai lokacin da komai ke canjawa. Hoton Agusta yana gaya maka su waye suka tsira daga farautar bara, yaya girmansu. Inda za ka same su ranar buɗewa kuwa, sai hotunan Satumba.

Mataki na 3: Kaya

Kyamarar tana aiki da wani ido mai jin zafin jiki da motsi tare. Abu mai ɗumi ya motsa a gabanta, ta ɗauka. Abu biyu nake dubawa idan zan saya: saurin ɗauka, kada ya wuce rabin daƙiƙa, da irin hasken da take amfani da shi da dare. Akwai mai ɗan jan haske da ido ke iya gani, hotonta na dare ya fi fitowa. Akwai wadda ba a ganin haskenta sam, hotonta ya ɗan fi duhu. A bakin gona kowacce ta yi. A kusa da makwanci, ko inda mutane ke wucewa, marar haske nake sa wa. Yawan megafiksel da ake rubutawa a kwali kada ya ruɗe ka, yawancinsa faɗaɗa hoto ne kawai.

Iri biyu ne a kasuwa. Mai katin memori, wadda sai ka je ka ciro katin, da mai layin waya, wadda ke turo maka hoto a wayarka, kana biyan kuɗin wata. Browning, Bushnell, Moultrie, Spypoint, Tactacam, Reconyx, duk suna yi. Mai layin waya ta rage maka shiga daji, wannan kuwa babbar riba ce, amma a cikin kwazazzaban kudu maso gabashin Ohio sabis yakan ɗauke. Ka tsaya a gindin bishiyar ka duba wayarka kafin ka ɗaura.

Batir kuwa ka sayi na lithiyom. Ya fi tsada, amma yana jure sanyi, ba ya zubar da ruwa ya lalata kyamara. Kowace kyamara ka ba ta katin memori biyu masu gigabait 32, ka rubuta lambarta a jikinsu, ka goge katin a cikin kyamarar kanta kafin ta fara aiki. Sai igiyar ƙarfe mai kwaɗo, almakashin yankan reshe, safar hannu ta roba, da takalmin roba mai dogon wuya. Kayan sawarka ka fesa musu maganin kaska mai suna fametirin su bushe tukuna. Kaskar nan tana ɗauke da cutar Lyme, lokacin zafi kuma shi ne lokacinta.

Guda nawa? Masu bincike a jami'ar jihar Mississippi sun fitar da hanyar ƙidaya a 1997: kyamara ɗaya ga kowace eka 100, na tsawon mako biyu. Wannan don ƙidaya ne. Don bibiyar namiji ɗaya a gona mai eka 100, uku zuwa biyar sun ishe ka idan kana matsar da su.

Mataki na 4: Taswira, sannan ƙafa

Kafin ka taka daji, ka zauna da hoton tauraron ɗan'adam na wurin, ko Google Earth ko manhajar onX Hunt mai nuna iyakokin gonaki. Abu uku kake nema: inda ake ci, inda ake kwana, da wuraren da ƙasa ta matse hanyar da ke tsakaninsu. Wurin ci a bayyane yake, gonar waken soya, ciyawar dabbobi ta alfalfa, masara. Makwanci yana inda mutum ba ya son shiga: sarƙaƙiyar ƙaya, tsohuwar gonar da aka bari ta koma daji, wurin da aka sare itatuwa shekarun baya, ko hancin tudu inda namiji zai kwanta iska na zuwa masa ta baya, idonsa na kallon gangare. Matsi kuwa shi ne kamar siririn layin itatuwa da ya haɗa daji biyu, ko lotsawar da ke tsakanin tuddai biyu, ko kan kwazazzabo inda dole a zagaya, ko inda wayar shinge ta faɗi.

Ka sa alama a wurare kamar goma, sannan ka je da ƙafarka sau ɗaya, da tsakar rana, in so samu ne ana shirin ruwa don ya wanke warinka. Ka duba sawu. Sawun babban namiji yana da faɗi, ya kai yatsu huɗu a jere, yana nutsewa a laka. Ka nemi itatuwan da aka goge a bara, tabonsu yana nan ya yi toka-toka. Idan ka ga sun jeru, kuma duk gefe ɗaya aka goge, wannan turbar namiji ce, gefen da aka goge shi ne inda yake fitowa. Makwancin kansa kada ka shiga. Ka tsaya daga nesa.

Mataki na 5: Inda za ka ɗaura a Yuli da Agusta

A wannan zango ƙidaya kake yi, don haka ka tsaya a gefe-gefe, inda za ka kai da mota ko ka ɗan taka kaɗan. Lungun gonar wake da ba a hangowa daga titi shi ne na farko, musamman kusurwar da ta fi gangarowa, don manyan maza sun fi son fitowa ta nan. Na biyu mashaya. A shekarar fari, ƙaramin kududdufi a cikin inuwa ya fi babban tafki tara su. Na uku inda ake tsallake rafi ko shinge, ka duba gashi a jikin wayar. Inda doka ta yarda, dutsen gishiri yana tsayar da su gaban kyamara, kamar yadda shanu ke taruwa a kan kanwa. Suna nemansa sosai lokacin da ƙaho ke girma, da Satumba ta shigo sai su rage zuwa.

Mataki na 6: Ɗaurawa

A nan ne aka fi yin asara, kuma asarar mako uku ce kafin ka gane.

Ka zaɓi bishiya mai kauri wadda iska ba ta kaɗa ta. Ka juya fuskar kyamara arewa. Idan ta kalli gabas, hantsi zai wanke maka hoto ya yi fari fat, idan ta kalli yamma, ranar la'asar za ta yi haka, kuma waɗannan su ne lokutan da ka fi buƙata. In arewa ba ta samu ba, kudu ta fi sauran.

Kada ka sa ta ta fuskanci turba kai-tsaye daga gefe, domin dabba mai sauri za ta wuce ka samu hoton gindi kawai. Ka karkata ta, ta kalli tsawon turbar a karkace, yadda dabba za ta daɗe a cikin ganinta. Tazarar ƙafa 15 zuwa 20 daga inda kake sa ran za ta taka ya yi daidai. Kusa da haka hasken dare ya ƙone hoton, nesa da haka rassan ƙaho ba za su ƙirgu ba.

Tsayi iri biyu ne. Wanda aka saba shi ne daidai ƙugunka. A bakin gona wannan ya wadatar. Amma tsohon namiji yana lura da sabon abu a hanyarsa. Ina da wani ɗan bidiyo na daƙiƙa 15 da nake yawan komawa in kalla: namiji ya taho a natse, ya zo daidai bishiyar, ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama, ya miƙo wuya, hancinsa baƙi jiƙaƙƙe ya cika hoton, kunnuwansa suka juyo gaba, sannan ya ja da baya taku uku, ya zagaya ta bayan bishiyar. Bai ƙara bi ta gaban wannan kyamarar ba, alhali sawunsa yana nan a bayanta. Kifi na ganinka, mai jar koma. Tun daga nan, duk kyamarar da ke cikin daji sama nake kai ta, ƙafa bakwai ko takwas, in cusa ɗan itace a bayanta ta sunkuyo. Barewa ba ta cika ɗaga kai ta duba ba, ɓarawo ma haka.

Bayan ka ɗaure, ka yanke duk ciyawa da reshen da ke gabanta. Ganye ɗaya da rana ta gasa, iska na kaɗa shi, zai iya cika maka kati da hoto dubu uku na banza, ya cinye batir cikin kwanaki. A lokacin zafi ciyawa tana saurin tashi, ka yanke ta har ƙasa. Sannan ka kunna gwaji, ka bi ta turbar a sunkuye, ka buɗe hoton ka gani da idonka. Ka duba rana da agogo sau biyu. Ka tabbatar ka mayar da maɓalli kan aiki, ka rufe, ka sa kwaɗo. Duk wannan da safar hannu. In yankin akwai beyar, wato ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, warin abinci a hannunka zai sa ta tauna kyamarar, sai ka sa ta cikin akwatin ƙarfe.

Mataki na 7: Saiti

A kan turba: hoto uku a jere, jinkiri mafi ƙanƙanta, domin sau da yawa mace ce ke gaba, ko ƙaramin namiji, babban yana baya da daƙiƙu kaɗan. A kan gishiri ko abinci: hoto ɗaya ko biyu, jinkirin minti ɗaya zuwa uku, in ba haka ba ƙananan dabbobi irin su rakun da kurege za su cika katin. A babbar gona: ka sa ta ɗauki hoto da kanta duk minti biyar a awa biyun ƙarshe kafin magariba, ko ba motsi. Dabbobin za su fito ƙanana a hoton, amma za ka ga ta wace kusurwa suke shigowa, sai ka kai wata kyamarar can. Bidiyo yana cin batir, ka ajiye shi sai Oktoba. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kyamara mai kati ba ta sani ba, ka tuna da haka wajen karanta lokaci.

Mataki na 8: Dubawa

Wannan shi ne mataki mafi wuya, domin da zuciyarka za ka yi fama. Ka ɗaura kyamara yau, gobe ƙafarka tana ƙaiƙayi. A shekarata ta biyu na samu hoton maza biyar a lungun wata gonar wake a tsakiyar Agusta, cikinsu akwai mai rassa goma. Sai na riƙa komawa duk kwana uku ko huɗu, da yamma bayan na tashi aiki, wato daidai lokacin da suke tasowa daga makwanci. Makon farko suna fitowa ƙarfe bakwai da rabi, rana na nan. Mako na biyu sai bayan magariba. Mako na uku ƙananan suna nan, babban sai ƙarfe biyun dare, daga baya ya ɗauke ƙafa. Katin da kansa ya nuna mini: duk ranar da hotona ya fito, kwana biyu ko uku na gaba ba babban namiji. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don dabbar tana zaman lafiyarta ni na tashe ta.

Hancin barewa shi ne rayuwarta. Inda ka taka, reshen da ya goge wandonka, gumin hannunka a maɗauri, duk tana karantawa bayan ka tafi. Don haka ƙa'idata yanzu: kyamarar bakin gona duk mako uku ko huɗu, ta cikin daji sai ranar da zan wuce ta wurin zuwa farauta, wadda ke kusa da makwanci kuwa ba na taɓa ta sai an rufe farauta. Ka je tsakanin ƙarfe sha ɗaya da biyu na rana, lokacin suna kwance. Ka duba iska, idan tana ɗaukar warinka zuwa makwanci ka fasa. Ka canja kati ka juya, kada ka tsaya kallon hoto a gindin bishiya. Idan mai gonar zai shiga da tarakta ko ƙaramar motarsa, ka roƙe shi ya ɗauke ka. Sun saba da ƙarar injin, suna jinsa daga nesa su kauce, ya wuce su dawo. Mutum mai sanɗa a ƙafa ne yake firgita su.

Mataki na 9: Karanta hotuna

Ka buɗe wa kowane babban namiji jakarsa a kwamfuta, ka ba shi suna da wata alama ta jikinsa: Mai Tsagaggen Kunne, Mai Gajeren Hagu, Dogon Wuya. Ƙaho yana canjawa shekara zuwa shekara, amma tabo da tsagar kunne da yanayin farin maƙogwaro suna nan. Ka tuna ƙaho mai fata ya fi girma a ido, idan fatar ta fita yakan ragu.

Shekaru a jiki ake ganewa. Ka rufe ƙahon da yatsa ka kalli gangar. Ɗan shekara ɗaya da rabi kamar mace yake, ƙafafu dogaye, wuya siriri. Ɗan biyu da rabi ya ɗan yi nama, amma gindinsa ya fi ƙirjinsa cika. Ɗan uku da rabi kamar dokin sukuwa, ƙirji ya zurfafa, ciki a ɗame. Ɗan huɗu da rabi, wuyansa ya haɗe da ƙirji, ƙafafu sun zama kamar gajeru. Daga biyar da rabi ciki ya fara saki, baya ya ɗan lotsa. A lokacin zafi duk wuyansu siriri ne, hoton Oktoba ya fi faɗin gaskiya. Ni daga huɗu da rabi nake nema, ƙananan ina barinsu su girma.

Yanzu ga ainihin aikin. Ka ɗauki littafi, duk hoton namijin da kake bi ka rubuta: rana, lokaci, kyamara ta nawa, daga ina ya fito, ina ya nufa. Sannan ka shiga shafin yanayi mai ajiye bayanan kwanakin baya, ka rubuta inda iska ta buso a wannan awar, da zafi ko sanyin ranar. Doka a Ohio ta ba da damar harbi daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 30 bayan faɗuwarta, don haka ka ja layi a ƙarƙashin hotunan da suka faɗa cikin wannan tsakanin.

Hoton dare ma yana magana idan ka saurara. Namijin da ke isowa gona ƙarfe ɗayan dare daga nesa ya taso, makwancinsa ba ya kusa da kai. Wanda ke isowa minti 20 bayan duhu ya rufa, makwancinsa na kusa, kuma da sauran haske ya tashi. Irin wannan sai ka ɗauki kyamara ɗaya ka koma da ita baya kan turbar da ya fito, yadi 80 ko 100 cikin daji. Sau da yawa a can za ka tarar da wani ɗan fili ko gindin oak inda yake tsayawa yana ɗan tsince-tsince, yana jiran duhu kafin ya fita sarari. Wannan wurin jiran shi ne abin da ka kwashe watanni kana nema.

Bayan hoto goma ko sha biyar, wani abu zai fara fitowa a littafin. Wataƙila duk fitowarsa ta rana iska daga kudu maso yamma take, ko kuwa ranar da sanyi ya sauko bayan ruwa. Babban namiji yana son ya shiga wuri da iska a hancinsa ko a gefen fuskarsa. Aikinka shi ne ka samo bishiyar da za ka hau ka yi kwanto a kanta, wadda iskar da yake so za ta kusa kai masa warinka amma ta kauce kaɗan. A ƙasa mai tuddai ka ƙara da wannan: da safe idan rana ta ɗumama ƙasa iska tana hawa tudu, da yamma idan inuwa ta sauko tana gangarowa kwari.

Mataki na 10: Kwashe kyamarori a Satumba

Da ka ga hoton farko na ƙaho marar fata, lokacin matsawa ya yi. Ka bar ɗaya a gona, sauran su shiga daji. Ka nemi farin oak, mai ganye da zagayayyen baki, domin 'ya'yansa ba su da ɗaci kamar na jan oak mai ganye da tsini, barewa su take fara ci. Ba kowace bishiya ke yin 'ya'ya kowace shekara ba. Ka tsaya shiru ka saurari wadda ke zubarwa, ka duba ƙasanta: ɓawo a farfashe, ɗanyen kashi, ganye a birkice.

Daga farkon Oktoba maza suna fara tonon ƙasa. Namiji ya samu reshe da ya sauko daidai kansa, ya tauna bakinsa, ya goga masa goshi da gefen ido, sannan ya share ganyen ƙasa da ƙafar gaba, ya yi fitsari a wurin ta kan gwiwoyinsa na baya. Duk namijin da ya wuce sai ya tsaya ya sansana ya bar nasa. Ba inda ya kai nan tara maza gaban kyamara, kuma a nan bidiyo ke da amfani. Mafi yawan zuwan da dare ne, musamman tonon bakin gona. Wanda ke cikin duhuwa kusa da makwanci shi ake ziyarta da rana.

Kana iya yin naka. Ka ɗaure guntun kurangar inabin daji a reshe, bakinta ya sauko kamar ƙafa huɗu zuwa biyar daga ƙasa, ka share ƙasan da sanda faɗin tabarmar salla, da safar hannu, ka tafi. Reshen shi ne jigo, ko ba ka zuba komai ba za su karɓa. Fitsarin barewa na kwalba da ake sayarwa, jihohi irin su Virginia da Vermont sun hana shi saboda cutar da na ambata.

Idan wanda kake bi ya ɓace a wannan tsakanin, kada ka bazama daji nemansa. Wataƙila ya koma mazauninsa na kaka, kuma irin waɗannan sukan leƙo a Nuwamba. Wataƙila kuma, a shekarar fari, cutar zubar jini da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ce ta kashe shi, gawar irin wannan a bakin ruwa ake samunta. Wasu baƙin maza kuma za su shigo maka. Ka ajiye hotunan Oktoba da Nuwamba da kyau, domin namijin da ya tsira yakan dawo wuri ɗaya a kusan kwanaki ɗaya a shekara mai zuwa.

Mataki na 11: Ranar shiga

Ka kafa mazauninka na kan bishiya tun da wuri, in zai yiwu a Agusta, yadi 20 zuwa 25 daga turbar, ka tsara hanyar shiga da ba ta ratsa gona ko makwanci, ko da za ka bi ta cikin rafi. Sannan ka jira abu biyu su haɗu: hotonsa da rana sau biyu cikin kwana huɗu ko biyar da suka wuce, da iskar da littafinka ya nuna. Ɗaya kawai ta samu, ka je wani wurin ko ka zauna a gida. Zaman farko a bishiya shi ne mafi albarka, kowane zama bayansa yana barin wari.

Idan sun haɗu, ka yi wanka da sabulu marar ƙanshi, ka yi azahar, ka kama hanya yadda za ka hau bishiya awa uku kafin faɗuwar rana. Ka ɗaura igiyar tsaro tun daga ƙasa, kafin ƙafarka ta bar ta. Kyamarar da ke kan hanyarka kada ka taɓa ta da shiga, ka bari sai da fita, bayan duhu, ka zare katin ka sa ɗaya.